Wasiyyar Naunakte: Yadda Wata Tsohuwa Ta Raba Dukiyarta A Masar Ta Dauri

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka ambaci tsohuwar ƙasar Masar, abin da ke fara faɗowa a zuciyar yawancinmu shi ne Fir'auna da rundunarsa, da manyan gine-ginen dala na Giza, da gawarwakin sarakuna da aka shafe da magani aka naɗe. Littattafan tarihin da muka karanta tun daga sakandare su ma a nan suka fi tsayawa: wane sarki ya hau, wa ya yaƙa, me ya gina, yaushe ya faɗi. Ni kuwa a wannan maƙala so na ke in bar fada in shiga cikin gida, gidan wata tsohuwa mai suna Naunakte, matar wani ma'aikaci mai haƙar kabari. Wajen shekara ta 1147 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) wannan tsohuwa ta tsaya gaban kotun ƙauyensu, ta faɗi wanda zai ci gadonta da wanda ba zai ci ba daga cikin 'ya'yanta takwas. Aka rubuta abin da ta faɗa, takardar kuwa tana nan har yau, bayan shekara fiye da 3,100.

Kafin in shiga bayani, mai karatu ya riƙe abu biyu. Na ɗaya, kalmar Fir'auna laƙabi ne na dukan sarakunan Masar na wancan zamani, kamar yadda mu ke cewa Sarki ko Shehu. Na biyu, shekarun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa baya-baya a ke ƙirga su, watau shekara ta 1200 ta riga ta 1147 zuwa.

Ƙauyen Masu Haƙar Kabarin Sarki

A yammacin Kogin Nilu, daura da birnin da a yau a ke kira Luksor, akwai kangon wani ƙauye da Larabawa suka sa wa suna Dairul Madina. Mazaunansa na dā suna kiransa da wani suna mai ma'anar "Wurin Gaskiya". An kafa shi a zamanin Fir'auna Tutmos I, wajen shekara ta 1500, aka zauna cikinsa fiye da shekara 400. Gidajen da ke cikin ganuwarsa sun kusa 70, ƙanana, a manne da juna, layi guda ya ratsa tsakiyarsu. Mazajen ƙauyen duk ma'aikatan sarki ne, aikinsu shi ne haƙa kaburburan Fir'aunoni a Kwarin Sarakuna da yi musu zane da ado. An kasa su ƙungiya biyu, ta dama da ta hagu, kowace da shugabanta, ga kuma magatakarda mai riƙe da lissafin aiki da kayan aiki, wanda ke kai rahoto ga waziri.

A lokacin ba a fara amfani da kuɗin tsaba ba, saboda haka da hatsi a ke biyansu. Ma'aikaci na samun buhu 4 na wata irin alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir a kowane wata. Buhun nasu ya kai lita 77, watau kamar garwar kananzir huɗu. In za a yi ciniki kuwa, sai a ƙiyasta darajar kaya da nauyin tagulla, a wani ma'auni da su ke kira deben, wanda ya kai giram 91. Zan koma ga waɗannan ma'aunai nan gaba, domin da su ne za mu auna girman abin da ya ɓata wa tsohuwar rai.

Dalilin da ya sa aka san mutanen wannan ƙauye fiye da na kowane ƙauye na wancan zamani shi ne yawan masu karatu da rubutu a cikinsu. Suna rubuta bashi da ciniki da ƙara da wasiƙa a kan tsingaro da ɓallin farin dutse, abin da ya fi muhimmanci kuwa a kan takardarsu ta gargajiya, wadda a ke yi da ɓargon wata ciyawar fadama. Wani Bafaranshe mai suna Barnad Buruyer ya yi aikin tonon wurin daga 1922 zuwa 1951, aka sami dubban irin waɗannan rubuce-rubuce. Takardun da suka shafi gadon Naunakte guda huɗu ne. Masanin nan ɗan ƙasar Cek, Yaroslaf Carni, shi ya karanta su ya buga fassararsu a 1945, babbar takardar kuwa tana ajiye a gidan kayan tarihi na Ashmoliyan da ke Oksfod a Ingila.

Wace Ce Naunakte?

Aure biyu ta yi. Mijinta na fari shi ne Kenherkefeshef, magatakardan aikin kabari, wanda ya riƙe wannan muƙami fiye da shekara 40, tun daga zamanin Ramsis II har zuwa na Sifta. Babban mutum ne a ƙauyen, mai dukiya, mai son littattafai. Masana na yau sun san shi da munin rubutun hannu, mutanen zamaninsa kuwa sun taɓa zarginsa da karɓar toshiya. Ya auri Naunakte tana yarinya ƙarama shi kuwa ya manyanta ƙwarai, ya rasu ya bar ta ba su haihu ba. Ta haka dukiyar magatakarda ta faɗo hannun matarsa, har da filayensa da littattafansa.

Daga baya ta auri Ka'emnun, ɗaya daga cikin ma'aikatan, wanda bai kai mijinta na fari matsayi ko wadata ba. Da shi ta haifi 'ya'ya takwas, maza huɗu mata huɗu. Mazan su ne Ma'aninaktef, da Kenherkefeshef (wanda ta sa wa sunan marigayi mijinta na fari), da Amennakte, da Neferhotef. Matan kuwa su ne Wasnakte, da Menatnakte, da Henutsenu, da Kanub. Sa'ad da ta je kotu, mijinta na fari ya fi shekara 40 da rasuwa, na biyun kuwa yana da rai. Amma wani babban kaso na abin da za a raba, gadon nan ne da ta ci a zawarcinta na fari, shi ne kuma ya ba maganarta nauyi.

Ranar Shari'a

Takardar ta faɗi ranar dalla-dalla: shekara ta 3 ta sarautar Ramsis V, wata na huɗu na lokacin ambaliyar Nilu, rana ta 5. Kotun ta ƙauye ce, maƙwabta ne ke zama alƙalai. A ranar mutum 14 suka zauna, cikinsu har da shugabannin aiki biyu, da magatakarda biyu, da masu zane, da sauran ma'aikata. Wanda ya rubuta bayanin shi ne magatakarda Amennakte ɗan Ifuy (ba ɗanta mai irin wannan suna ba). Shi ne kuma ya rubuta labarin yajin aikin da ma'aikatan ƙauyen suka yi a shekara ta 29 ta sarautar Ramsis III, sa'ad da aka jinkirta musu hatsin albashi, wanda shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka sami cikakken labarinsa a rubuce.

Abin da ta fara faɗa shi ne matsayinta: ita 'ya ce, 'yantacciyar mace ta ƙasar Fir'auna. Ba miji ko ɗa ko wani waliyyi da ya yi magana a madadinta. Sa'an nan ta ce ta reni 'ya'yan nan takwas, ta yi wa kowannensu kayan zaman gida kamar yadda a ke yi wa ire-irensu. Yanzu ga shi ta tsufa, su kuwa ba su kula da ita ba. Don haka duk wanda ya tallafe ta a cikinsu za ta ba shi daga dukiyarta, wanda bai ba ta ba kuwa ita ma ba za ta ba shi ba. Iyakar hujjarta ke nan, ba zagi, ba tsinuwa.

Yadda Rabon Ya Kasance

Ga wanda ya karanta takardar a gurguje, sai ya ɗauka kashi biyu ta yi, 'yan lele da 'yan bora. In an natsu za a ga mataki huɗu ne.

Na farko, mutum huɗu suka sami cikakken rabo: Ma'aninaktef, da Kenherkefeshef, da Amennakte, da 'yarta Wasnakte.

Na biyu, a cikin waɗannan huɗun ta fifita Kenherkefeshef da kyauta ta musamman, watau wani daro na tagulla, ƙari a kan rabonsa. Wata takarda daga cikin huɗun ta nuna mahaifinsu Ka'emnun ya tabbatar masa da daro mai nauyin deben 13 a gaban shaidu, ya ce kada wani ɗa ko 'ya su yi jayayya a kai, shi kuma ɗan ya ɗauki alkawarin ba uban hatsi. Ashe ke nan ɗan da uwa ta dogara da shi, shi ne uba ma ya jingina da shi.

Na uku, Menatnakte, wadda sunanta ya fito a jerin masu ci ya kuma fito a jerin waɗanda aka hana. Tsohuwar ta ce za ta shiga rabon kayanta, amma ban da awon alkama da na mai da 'yan'uwanta maza uku da Wasnakte suka haɗa suka riƙa ba uwarsu. Abin da ba ta sa hannu aka tara ba, ba za ta sa hannu ta ɗiba ba.

Na huɗu, mutum uku aka cire: Neferhotef, da Henutsenu, da Kanub. Ba su da komai a cikin sulusinta, ba su da komai a cikin dukiyar magatakarda Kenherkefeshef da filayensa, haka kuma ɗakin ajiyar da ta gada daga mahaifinta. Game da Neferhotef ta yi ƙarin bayani. Ta ce ta riga ta ba shi tukunyar tagulla don ya sayi abinci, da gizago, da wasu kayan tagulla, jimillarsu deben 40. Wannan shi ne rabonsa, ba zai sake shiga rabon tagulla ba, sauran na 'yan'uwansa ne.

Yanzu bari mu auna. Awon alkamar da aka yi magana a kai rubu'in buhu ne, lita 19, ya ɗan ɗara garwa guda. In aka kwatanta da buhu 4 da ma'aikaci ke karɓa, kashi ɗaya ne cikin 16 na alkamarsa ta wata. Awon man kuwa bai cika rabin lita ba. Wannan ɗan abin ne ya raba 'ya'yan da suka ci da wadda aka rage wa. Deben 40 na Neferhotef kuwa tagulla ce mai nauyin fiye da kilo uku da rabi. A farkon wancan ƙarni buhun alkama deben ɗaya ne zuwa biyu, saboda haka abin da ya karɓa zai sayi buhu 20 zuwa 40, watau alkamar albashin wata biyar zuwa goma. Ba ƙaramar ɗawainiya uwar ta yi da shi ba.

Iyakar Ikonta

Abin da ya fi jan hankalina a cikin wannan takarda shi ne inda tsohuwar ta tsaya. A al'adar Masar ta lokacin, dukiyar da miji da mata suka tara tare kashi uku a ke yi mata, biyu na miji, ɗaya na mata. Abin da mace ta zo da shi kuwa, ko ta gada, nata ne ita kaɗai, tana iya sayarwa ko bayarwa ko kai ƙara a kansa. Naunakte ta yi hukunci a kan sulusinta da abin da ta gada daga mahaifinta da mijinta na fari. Da ta zo kan kashi biyu na Ka'emnun, sai ta faɗa da bakinta cewa waɗanda ta cire ɗin za su shiga rabon dukiyar ubansu. Fushinta bai tsallake iyakar haƙƙinta ba, kotu kuma ba ta da abin da za ta soke.

Wannan hukunci nata bai saɓa wa tunanin mutanenta ba. In ba a bar wasiyya ba, 'ya'ya maza da mata duk suna gado, amma gadon yana tafe da nauyi. Wata takarda daga wannan ƙauye ta ambaci dokar Fir'auna da ta ce wanda ya ɗauki ɗawainiyar binne mamaci shi ke da haƙƙin dukiyarsa. Wanda ya riƙe tsoho da rai, ya kuma sutura shi bayan mutuwa, shi ne magaji na gaskiya a wurinsu.

A nan ya kamata in ja hankalin mai karatu, don kada kalmar sulusi ta ruɗe shi. Sulusin da muka sani a shari'ar Musulunci shi ne iyakar abin da mutum zai yi wasiyya da shi daga dukiyarsa, kuma ba a yin wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Sulusin Naunakte kuwa rabonta ne na dukiyar aure. Har ila yau, a Musulunci saɓa wa iyaye babban zunubi ne, amma ba ya cikin abubuwan da ke hana ɗa cin gado, uwa ba ta da ikon cire shi. Tsari biyu ne mabambanta. Ɗaya ya bar wa mai dukiya ikon saka wa wanda ya kyautata masa, ɗayan ya ƙayyade rabo tun daga sama don kada son rai ko fushin tsufa su shiga ciki.

Bayan Shekara Guda

A shekara ta 4 ta sarautar Ramsis V, wata na uku na ambaliya, rana ta 17, Ka'emnun da 'ya'yansa suka koma gaban kotu. Aka tabbatar cewa abin da Naunakte ta sa aka rubuta game da dukiyarta, haka za a zartar da shi, ba ragi ba ƙari. Aka sa Neferhotef ya yi rantsuwa cewa in ya sake tayar da maganar, a yi masa bulala 100, ya kuma rasa abin da ya mallaka. Ruwa ba ya tsami banza: da ya haƙura tun farko, da ba a kai ga rantsar da shi ba.

Sauran takardu biyun jerin kaya ne, na rabon abin da 'ya'yan suka kira kayan uwarsu. A ciki za ka ga dutsen niƙa, da turmi, da akwatuna, da sauran tarkacen ɗaki, ana bin mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ɗauka, wancan ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon kayan ɗakin wata tsohuwa zai gane wannan zama.

Littattafan magatakarda kuwa sun bi hannun iyalin. Mafi shahara a cikinsu shi ne wani littafin fassarar mafarki, wanda ke faɗin mafarki sa'an nan ya ce alheri ne ko sharri, kalmar sharrin kuwa da jan tawada a ke rubuta ta. Ka'emnun da ɗansa Amennakte duk sun sa sunayensu a jikinsa. A 1928 aka gano waɗannan littattafai, da yawansu suka shiga hannun attajirin nan Cesta Biti, littafin mafarkin yana gidan kayan tarihi na Biritaniya a Landan. Abin da ya fi kowane daro daraja a idonmu na yau, ta hannun wannan tsohuwa ya biyo ya iso gare mu.

Shin Ta Yi Adalci?

Wani zai ce ta ƙware 'ya'yanta mata. A ƙauyen maza ne kaɗai ke karɓar albashin hatsi, mace sai abin da ta samu ta hanyar saƙa ko 'yar sana'ar cikin gida, ko abin da miji ya ba ta. Ga shi kuwa cikin mutum huɗun da aka hana ko aka rage wa, uku mata ne. Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan yi watsi da ita ba. Zamanin ma na ƙunci ne, shekara goma da 'yan kai kacal bayan yajin aikin da na ambata.

Amma ni a ganina takardar ta amsa wannan da kanta. Wasnakte mace ce kamar 'yan'uwanta, ta kuwa sa hannu a cikin ɗan awon nan tare da maza, ta ci rabo daidai da su. Menatnakte ba ta ba da hatsi ba, duk da haka ba a cire ta gaba ɗaya ba, abin da ke nuna uwar ta ga wani abin kirki a wurinta ta saka mata gwargwadonsa. Neferhotef namiji ne mai albashi, aka lissafa masa abin da ya riga ya ci. Wanda ya yi irin wannan rabo mataki-mataki ya zauna ya yi tunani, ya san abin da kowa ya yi masa da abin da bai yi ba. Kuma ta kai maganar gaban mutum 14 tana da ranta da hankalinta, ta yadda kowa zai ji da kunnensa, maimakon ta bar 'ya'ya su yi ta kokawa a kan turmi bayan an binne ta.

Kammalawa

Abu biyu na ke so mu ɗauka daga wannan labari. Na farko ya shafi aikinmu na ɗaliban harshe da tarihi. Ramsis V ya yi sarauta kamar shekara huɗu, yana da kabari a Kwarin Sarakuna, amma mun fi jin muryar wannan tsohuwa a kan tasa, don kawai wani magatakarda ya rubuta abin da ta faɗa a kotu. Mu ma muna da irin waɗannan takardu. Littattafan kotunan alƙalai da na majalisun sarakuna cike su ke da maganganun mata da talakawa a kan gado da gona da bashi. Alal misali, shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Alan Kiristelo ya fassara ya buga a 1994, sun nuna irin abin da ke kwance cikin waɗannan kundaye. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ya leƙa gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna kafin ya sake maimaita mana jerin sunayen sarakuna.

Na biyu ya shafi kowannenmu. Da yawa daga cikinmu da guminsu iyaye suka kawo mu nan, wata ta sayar da akuya, wata ta sayar da kwallayenta. Naunakte ta yi wa 'ya'ya takwas kayan gida, abin da aka auna su da shi a ƙarshe kuwa garwar alkama ce da ɗan mai. Uku daga cikinsu ba su tallafe ta ba, sunayensu kuma suna nan a rubuce a Oksfod, ana karantawa bayan shekara 3,100. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye, amin.